Ka Riƙe Shi Da Amana, Kada Ka Goge Asalinsa

 

Akwai tambayar da take yawan zuwa daga 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka da Kanada da sauran ƙasashen Turai, kowa da irin lafazinsa. Wasu ma'aurata ne da Allah bai ba su haihuwa ba, suna so su ɗauko yaro daga gidan marayu a wata ƙasa. Wasu kuma hukumar garin da suke zaune ce ta nemi su riƙe yaron da aka raba da iyayensa, ko ɗan gudun hijirar da ya iso shi kaɗai, yaron da launinsu ba ɗaya ba, yarensu ba ɗaya ba. Abin da suke tambaya kusan iri ɗaya ne: zai gaje mu? Matata za ta sa hijabi a gabansa idan ya balaga? Zan iya sa masa sunana a fasfo? Tambayoyi ne masu kyau, kuma zan taɓa su a ƙarshe. Amma da wuya ka ji wanda ya ce, Malam, yaren da yaron nan ya zo da shi a bakinsa fa, ya zan yi da shi? Kakarsa da aka ce tana raye a ƙauye fa, mene ne haƙƙinta a kaina? Wannan ɓangaren da ba a tambaya shi nake so mu tsaya a kai yau, domin a ganina nan ne nauyin amanar yake.

Hausawa suka ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wasu al'ummomi sun riga mu shiga wannan harka da shekaru saba'in, kuma 'ya'yan da aka ɗauko sun girma, sun buɗe baki sun yi magana.

Bayan yaƙin Koriya ya tsaya a 1953, ƙasar ta cika da marayu da kuma yaran da sojojin waje suka haifa da matan ƙasar, waɗanda al'umma ta ƙi karɓa. A 1955 wani Ba'amurke daga jihar Oregon mai suna Harry Holt da matarsa Bertha suka ɗauko yara takwas daga can. Daga nan ƙofa ta buɗe. Daga lokacin zuwa yau an fitar da yara kimanin 200,000 daga Koriya ta Kudu zuwa Amurka da Faransa da Suwidin da Denmak da Holan da sauransu. Tunanin da ya yi rinjaye a wancan zamani shi ne a sa wa yaro sabon suna, a rene shi kamar a gidan aka haife shi, a rufe babin baya gaba ɗaya. Kuma don a yi adalci, da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe yaran nan sun so su so na gaskiya, sun ciyar da su, sun ba su ilimi, sun yi jinyarsu. Sai dai yaro ya tashi a garin da shi kaɗai ne mai irin fuskarsa. A gida ana ce masa mu ba ma ganin launi, kai ɗanmu ne kawai. A makaranta kuwa yara suna gani sarai, suna ja masa ido, suna kwaikwayon yaren da shi kansa bai iya ba. Ya dawo gida babu wanda zai fahimce shi, don babu wanda aka taɓa yi wa irin wannan a gidan. Da suka girma, dubbai suka koma Koriya neman iyayensu. Wanda ya yi sa'a ya sami mahaifiyarsa, sai su zauna suna kallon juna, tafinta yana tsakaninsu. Ka yi tunanin uwa da ɗa suna kuka, kalma ɗaya ba za ta wuce ba sai ta bakin baƙo. Wasu kuma suka buɗe fayil ɗinsu suka tarar an rubuta "maraya, ba a san iyayensa ba", alhali uwar tana raye, ta yi shekaru tana nema. A watan Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya da sulhu ta ƙasar ta fito ta tabbatar da cewa an yi ta ƙirƙirar takardun bogi, an yi musanyar sunayen yara, kuma gwamnati tana da alhaki a ciki.

Kada wani ya ce wannan can nesa ne. A watan Oktoba na 2007, a garin Abeche na gabashin Chadi, aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé suna shirin ɗora yara 103 a jirgi zuwa Faransa, da sunan marayun Darfur ne. Da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka bincika, sai aka ga mafi yawan yaran suna da uwa ko uba a raye, kuma galibinsu 'yan Chadi ne. Iyayen an ce musu makaranta za a sa 'ya'yansu. Kotun Njamena ta yanke wa Faransawa shida ɗaurin shekara takwas-takwas. Yaran nan daga yankin Musulmi suke. Da jirgin ya tashi, yau da sun zama samari da 'yanmata masu wasu sunaye, da wuya a sami mai iya gaida mahaifinsa da yarensu. Habasha ma ta haramta ba wa 'yan ƙasashen waje yara a watan Janairu na 2018, bayan koke-koke masu yawa, ciki har da mutuwar wata yarinya 'yar shekara 13 a jihar Washington a 2011 a hannun waɗanda suka ɗauko ta. Sin ta rufe tata ƙofar a 2024. A Amurka, yaran da ake shigowa da su daga waje sun kai kusan 23,000 a 2004, yanzu ba sa kai 2,000 a shekara.

To, mu Musulmi me muke da shi a wannan babi?

Abin da kowa ya haddace shi ne "tabanni haramun ne, kafala halal ce". Gaskiya ne, amma mun mai da maganar kamar lissafin gado da hijabi kawai. Mu koma kan wanda hukuncin ya sauka a kansa, Zaidu ɗan Harisa, Allah Ya ƙara masa yarda. Yaro ne ɗan ƙabilar Kalb. Ya bi mahaifiyarsa ziyarar danginta, mahara suka faɗa wa zangon suka kwashe shi, aka sayar da shi a kasuwar Ukaz. Hakimu ɗan Hizam ya saye shi ya ba gwaggonsa Nana Khadija, ita kuma ta ba Manzon Allah (SAW). A yaren yau, yaro ne da aka yi safararsa, aka raba shi da ƙasarsa da danginsa. Mahaifinsa ya yi ta yawon nema har labari ya kai masa cewa an ga ɗansa a Makka. Ya taho shi da ɗan'uwansa da kuɗin fansa a hannu.

Ku lura da abin da ya faru a nan, kuma wannan tun kafin aiko shi da annabci ne. Manzon Allah (SAW) bai ɓoye yaron ba. Bai ce na rene shi na wahala a kansa, ku kuma sai yanzu kuka tuna da shi ba. Ya ƙi karɓar fansa, ya kira Zaidu gabansu, ya tambaye shi ko ya san mutanen nan. Zaidu ya gane su nan take, ya nuna mahaifinsa ya nuna baffansa. Aka ba shi zaɓi, ya tafi kyauta ko ya zauna, shi da kansa ya zaɓi zama saboda abin da ya gani na halin wannan bawan Allah. Uban ya koma gida hankalinsa a kwance, ya san inda ɗansa yake, ya san hannun da yake. Daga baya ma ɗan'uwan Zaidu, Jabala, ya zo da irin wannan buƙata, aka sake ba shi amsa iri ɗaya. Ƙofar gidan Annabi ba ta taɓa rufuwa a fuskar dangin Zaidu ba.

Duk da wannan so, duk da shekarun da aka yi ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu kamar yadda Abdullahi ɗan Umar ya ba da labari, da ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab suka sauka sai aka mayar masa da sunan Harisa. Allah Ya yi umurni a riƙa kiran 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu maza, Ya bayyana cewa hakan shi ne mafi adalci a wurinSa, idan kuma ba a san iyayen ba to 'yan'uwa ne a addini kuma majiɓinta. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Akwai sunan da ya fi sunan Muhammadu daraja da za a jingina yaro gare shi? Akwai gidan da ya fi wannan gida? Amma aka cire, aka mayar da shi ga wani mutumin ƙauye daga Kalb. Idan mafificin halitta ba a bar shi ya rufe asalin yaro da sunansa ba, ni da kai su wane ne? Kuma kalmar da aka yi amfani da ita adalci ce. Adalci ga uban da ya haifa, adalci ga yaron da yake da haƙƙin sanin daga ina ya fito.

Ga kuma Salim, wanda Abu Huzaifa ya riƙa. Asalinsa daga Farisa ne, wato wata ƙasa, wani jinsi, kuma ba a san mahaifinsa ba. Bayan saukar ayar ba a ƙirƙira masa uban ƙarya ba, aka riƙa ce masa Salim maulan Abu Huzaifa. Hakan bai rage shi da komai ba. Shi ne ya riƙa yi wa Muhajirai limanci a Ƙuba kafin isowar Manzon Allah (SAW), Umar ɗan Khaɗɗabi yana cikin mamu, saboda ya fi su haddar Alƙur'ani. Shi da Abu Huzaifa tare suka yi shahada a yaƙin Yamama. Waɗanda suke tsoron cewa faɗa wa yaro gaskiya zai rage shaƙuwa, ga amsarku nan.

Wani zai ce, to ai ayar suna ta ambata, ina maganar yare da abinci da kitso ta shigo? Suna a wurin Larabawa ƙofa ne. Idan aka ce wane ɗan wane, an faɗa maka ƙabilarsa, da kawunnansa, da wanda bai halatta ya aura ba, da wanda zumuncinsa ya wajaba a kansa. Sada zumunci wajibi ne a kan yaron nan idan ya balaga, kuma riƙonka bai sauke masa shi ba. To da wane baki zai sada zumuncin idan ka bari yaren ya mutu a hannunka? Ta ina zai fara idan ka jefar da takardar da sunan ƙauyen yake ciki? Ƙa'idar malaman usul sananniya ce, abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Ni a fahimtata, kiyaye wa yaro hanyar komawa ga danginsa ya shiga ƙarƙashin wannan ƙa'ida kai tsaye. Ragowar kuwa, irin su abinci da tufafi da tatsuniya, suna cikin kyautatawa, kuma a kan maraya kyautatawa ba abin wasa ba ce.

Dubi ƙissar Annabi Musa (AS) a Suratul Ƙasas. Jariri ne daga jinsin da ake bautarwa, ya faɗa gidan sarautar jinsin da yake bautar da su, matar Fir'auna ta so shi ta nemi a riƙe shi ɗa. Allah Mai iko ne Ya rayar da shi da nonon kowace mace a fadar, amma Ya hana shi karɓar kowane nono sai da aka mayar da shi ƙirjin mahaifiyarsa. Ya girma a fada yana sane da mutanensa. Annabi Yusuf (AS) ma haka, an sayar da shi yana yaro, ya tashi a gidan Azizun Masar, amma a cikin kurkuku yana lissafa iyayensa Ibrahim da Ishaƙa da Yaƙuba ɗaya bayan ɗaya.

Maganar harshe tana buƙatar a ɗan daɗe a kanta, don shi ne abin da ya fi saurin ɓacewa. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar da aka kai inda babu mai yi masa yarensa, cikin watanni kaɗan sai ka ji ya daina furta shi. Wani bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 2003 a kan manyan mutane da aka ɗauko daga Koriya suna yara ya nuna ba sa ma iya bambance jimlolin yaren Koriya daga na wasu baƙin yaruka. Amma wani binciken a Holan a 2017 ya nuna cewa irin waɗannan mutane, idan aka fara koya musu, sun fi sauran 'yan Holan saurin iya furta sautukan yaren, har da waɗanda aka ɗauko suna jarirai. Wato akwai abin da ya rage a ciki yana jiran a tashe shi. Allah a Suratur Rum Ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinSa, a aya ɗaya da halittar sammai da ƙasa. Yaron da ya shigo gidanka yana cewa "hooyo" da yaren Somaliya ko yana ƙirga yatsunsa da Amharanci, aya ce ta shigo maka gida.

Akwai hadisin da nake so ƙwarai a Sahihul Bukhari. Ummu Khalid 'yar Khalid ɗan Sa'id a Habasha aka haife ta lokacin hijira, can ta yi wayo. Da suka zo Madina tana ƙarama, aka kawo wa Manzon Allah (SAW) tufafi, ya zaɓe ta ya sa mata wata riga mai ado da hannunsa, yana nuna adon yana yaba shi da kalmar Habashanci mai ma'anar abu mai kyau. Yarinyar Baƙuraisha ce fa, Larabci yaren iyayenta ne. Amma ya san kunnenta ya saba da yaren ƙasar da ta tashi, sai ya faranta mata da shi. Bukhari har babi ya ƙulla a kan magana da Farisanci da sauran harsunan da ba Larabci ba. Kai da aka ba ka yaro daga Afganistan, kalma ashirin ta yarensa ta gagare ka? Sannu, ci abinci, ina yake maka ciwo, kada ka ji tsoro. A garuruwa irin London da Birmingham da Minneapolis da Toronto babu al'ummar da ba za ka samu masallacinta ko shagon abincinta ba. Ka ɗauke shi ka kai shi, ku yi Juma'a can wani lokaci, ya ji dattijo yana magana irin ta kakansa. Zumunta a ƙafa take.

Sai batun launi, kuma a nan zan yi magana ba tare da kwana-kwana ba. Mu Musulmi muna son cewa babu wariyar launi a Musulunci, kuma haka ne. Amma akwai ta a cikin Musulmi, kuma duk wanda ya zauna a cikin al'ummomi daban-daban ya san haka. Akwai gidajen da kalmar "bawa" take zaman sunan baƙin mutum har gobe. Akwai gidajen da za a riƙi yarinya baƙa a aurar da kowa a bar ta. Mu kanmu muna da namu, yadda muke zuzuta farar fata, da irin sunayen da muke kiran wasu ƙabilu da su. Idan ka ɗauko yaron da launinsa ya saɓa da naka, ranar da ƙanwarka ko surukarka ta yi masa shaguɓe a gaban jama'a, shirunka shi zai riƙe har ya tsufa. Lokacin da aka goranta wa Nana Safiyya cewa ita 'yar Bayahude ce, ta yi kuka, Manzon Allah (SAW) bai ce mata ta manta da asalinta ba. Ya tuna mata cewa ita jikar annabi ce, baffanta annabi ne, kuma tana auren annabi. Ya ɗauki asalin da aka zage ta da shi ya mai da shi abin alfaharinta. Usama ɗan Zaidu baƙi ne ƙirin, mahaifiyarsa Ummu Aiman Bahabashiya ce, Zaidu kuwa fari. Mutane suka riƙa ƙananan maganganu. Ranar da masanin kamanni Mujazziz ya ga ƙafafunsu kawai suna lulluɓe ya tabbatar jini ɗaya ne, Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) ya shigo fuskarsa tana walƙiya don murna. Maganar da ake yi a kan launin yaron ta dame shi, bai ɗauke ta ƙaramin abu ba. Kuma Bilal har yau Bahabashe muke ce masa, Salman Bafarishe, babu wanda ya ce sai sun sauke wannan kafin su zama 'yan gida.

Har ƙananan abubuwa suna da nauyi. Matar da ba ta taɓa taɓa gashin baƙar yarinya ba, ta je ta koyi taje shi da kitsa shi, ko ta nemi mai kitso. Kada yarinya ta tashi tana jin gashinta matsala ne da ake fama da shi kowace safiya. Tun 1972 ƙungiyar baƙaƙen ma'aikatan jin daɗin jama'a ta Amurka ta fito ta soki ba wa fararen iyalai baƙaƙen yara, hujjarsu ita ce wa zai koya wa yaron yadda zai rayu da fatarsa a ƙasar da ake kallon fata. Ko ba ka yarda da matsayarsu duka ba, tambayar tana nan daram.

Na san za a ce, Malam, idan al'adar da yaron ya fito ta kafirci ce fa? A rarrabe. Abin da yake shirka ne ko haramun, babu mai cewa ka raya shi. Amma yare ba shi da addini, haka gurasar injera ta Habashawa, haka sunan gari da tarihin kakanni. Habashawa sun yi wasansu na masu a cikin masallacin Madina ranar idi, Umar ya so ya hana, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Dangin yaro ko ba Musulmi ba ne zumuncinsu bai faɗi ba. Asma'u 'yar Abubakar ta tambaya a kan mahaifiyarta mushrika da ta zo mata Madina, aka umurce ta ta sada zumuncinta. Wani abu kuma ga masu riƙon wucin gadi a hannun hukuma: idan an damƙa maka ɗan Kirista bisa sharaɗin za ka kiyaye addinin iyayensa, ka sa hannu, to alkawari ne. Ko ka cika, ko tun farko ka ce ba za ka iya ba. Yadda zuciyarka take ƙuna idan ka ji an ba ɗan Musulmi naman alade a gidan riƙo, haka ta wancan uwar take. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 20, ta ambaci kafala da sunanta, ta kuma ce a yi la'akari da ƙabilar yaro da addininsa da al'adarsa da harshensa. Da wannan muke kafa hujja idan namu ne, to ta hau kanmu idan na wasu ne.

Mu Hausawa riƙo ba baƙonmu ba ne. Gwaggo ta ɗauki 'yar ƙaninta tun daga yaye, kaka ta ɗauki jika, aminiya ta ba aminiya. Kyawun riƙonmu shi ne yaro ya san gidansu, ana kai shi da salla, ranar aurensa ubansa ko baffansa ne waliyyi. Inda muke kasawa shi ne tsintacce da wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba. Nan ne ake ɓoyewa, a ƙulla ƙarya, har sai ranar rabon gado ko neman aure wani ya fasa ƙwan a bainar jama'a. Alhali Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Umar ya hukunta tsintacce ɗa ne mai 'yanci kuma ciyar da shi yana kan baitulmali. Laifin da bai yi ba ba ya hawa kansa. Yau kuma da gwajin DNA ya zama abin da matashi zai saya ta intanet ya tofa yawu a kwalba ya aika, ɓoyon ma ya daina yiwuwa. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ka fara faɗa masa tun yana ƙarami, da kalmomin da hankalinsa zai ɗauka, ya tashi bai san ranar da aka fara gaya masa ba. Kada ka zagi iyayensa a gabansa ko da sun yi laifi, domin yaro yana jin zagin a jikinsa. Kuma ka tanadi akwati guda: takardar haihuwa ta asali, sunan asibiti ko gidan marayun, sunan wanda ya kawo shi, hotuna, rigar da ya zo da ita. Wannan dukiyar maraya ce, ko da ba kuɗi ba ce, kuma ranar da ya mallaki hankalinsa za ka miƙa masa abinsa.

Tun kafin a kai ga wannan, mai son ɗauko yaro daga wata ƙasa ya binciki abu ɗaya da gaske: maraya ne, ko ɗan talaka ne? Yawancin yaran da suke gidajen marayu a ƙasashe matalauta suna da uwa ko uba ko kaka a raye, yunwa da kuɗin makaranta ne suka kai su can. Kuɗin da za ka kashe a lauyoyi da tikitin jirgi zai iya riƙe yaron da uwarsa da ƙannensa shekaru a ɗakinsu. Malamai sun bayyana cewa falalar mai kafalar maraya, wanda aka yi wa bushara da kusanci da Manzon Allah (SAW) a Aljanna, ta haɗa da wanda yake ɗaukar nauyinsa da dukiyarsa. Idan buƙatarka ta jin ɗumin yaro a gida ce take ja, ba laifi ba ne, buƙata ce ta ɗan'adam, amma kada a biya ta da hawayen wata uwa.

Yanzu ga tambayoyin da kuka fi yi. Game da takardu, dokokin ƙasashe sun bambanta. A jihohi da yawa na Amurka ana sake buga takardar haihuwa da sunan masu riƙo a rufe ta asali. A Ingila wanda aka ɗauka yana da damar karɓar ta asalin idan ya kai shekara 18, kuma tun ƙarshen 2005 akwai tsarin riƙo na musamman da kotu take bayarwa wanda ba ya yanke alaƙar yaro da iyayensa a doka, wannan ya fi kusa da kafala. Inda yake akwai irin wannan zaɓi, a ɗauke shi. Inda doka ta tilasta cikakkiyar ɗauka kafin yaro ya sami izinin zama ko kariya, abin da nake rinjayarwa shi ne a cika takardun don lalura, a bar masa sunansa na yanka da na mahaifinsa a cikin sunayensa gwargwadon iko, shi da jama'a su san gaskiya. Gado ba ya cin gadonka, amma kana da wasiyya har sulusin dukiyarka, kana da kyauta kana raye, kuma a waɗannan ƙasashe ka rubuta ta a wurin lauya tun da wuri. Muharramaka kuwa shayarwa tana tabbatar da ita idan yaron bai wuce shekara biyu ba. A mazhabar Malik ko tsotsa ɗaya ce ta isa cikinsa ta wadatar, Shafi'iyya suna sharɗanta sau biyar, yin biyar ɗin ya fitar da ku daga saɓani. Idan matar gida ba ta da nono, namiji ne 'yar'uwarta ta shayar da shi sai ta zama innarsa, mace ce 'yar'uwar maigida ta shayar da ita sai ya zama kawunta. A rubuta wadda ta shayar da ranar da aka yi, a sa a cikin akwatin nan tare da sauran takardu.

Wallahu a'alam.